Totur bodi babba ko gyaran na asali: wanne ya dace da jif ɗin shiga daji a Kaduna?

Maganar takan taso ne bayan an riga an kashe kuɗi. Mutum ya ɗaga motarsa, ya sa mata manyan tayoyin laka, ya ɗaura ƙarfen gaba da winci, ya kafa mata bututun shaƙar iska a gefen gilashi saboda rafukan damina. Ran da ta fito daga gareji kowa sai ya waiwaya. Amma da ya ɗauki hanyar Kachia zai tafi gona, sai ya ji motar ta yi nauyi. Ya taka totur tana jan jiki, hawan da a da take cinyewa a giya ta huɗu yanzu sai ya dawo ta uku. Ya koma gareji, nan kuma baki ya rabu. Wannan ya ce a yi odar totur bodi babba daga waje. Wancan ya ce a cire na jikinta a kai a rarake shi. Wani ya ce akwai na Beljiyom na injin da ya fi nata girma. Wani yaro kuma ya miƙo waya yana nuna wani ɗan akwati da ake jonawa a ƙafar totur.

Na tsaya a wannan mararraba da tsohuwar Prado ɗina mai injin 3RZ-FE, na zaɓi hanya ɗaya, na dawo na sake wata. Abin da na gani shi ya sa nake son duk mai wannan niyya ya zauna ya auna kafin ya zare kuɗi, musamman yanzu da kowane kayan mota ke bin dala.

Totur bodi, wanda wasu makanikai ke ce wa bakin injekta, maƙogwaron inji ne. Ɗan gajeren bututu ne na alminiyom tsakanin matatar iska da manifol, wato bututan da ke raba wa silindojin inji iska, a cikinsa akwai faifan ƙarfe da ke juyawa a kan sanda. Ka taka totur faifan ya kishingiɗa iska ta wuce, ka ɗaga ƙafa ya miƙe ya tare hanya. Iri biyu ne a motocinmu. Akwai mai kebul, kamar na 3RZ-FE da 1FZ-FE na Land Cruiser 80, inda waya ce ke jan faifan kai tsaye, kuma akwai wani ɗan bawul a gefe mai kula da silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba. Akwai kuma mai lantarki, kamar na 2TR-FE da ke cikin Hilux ɗin fetur tun 2005 da 1GR-FE na Prado da FJ Cruiser, inda ƙafarka saƙo kawai take aika wa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci wani ƙaramin moto ya buɗe faifan. Wannan bambanci shi ke raba abin da zai yiwu da abin da zai zama ciwon kai, don haka fara sanin wanne ne a motarka.

Mai motar gas kuwa, wato dizal, irin 1HZ ko 1KD-FTV, maganar nan ba tasa ba ce. Ƙarfin injin gas daga yawan man da aka fesa yake fitowa, kuma faifan da ke bakin sababbin injinan gas aikinsa taimaka wa tsarin mayar da hayaƙi da kashe inji cikin laushi. Faɗaɗa shi ba ya ƙara komai.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, kuma shi ne uban sauran: shin maƙogwaron ne ya shaƙe injin? A nan lissafi ke magana. Inji mai bugu huɗu yana zuƙar iskar da ta kai rabin girmansa a kowane juyi. Injin lita 2.7 da ke juyi 5,200 a minti, inda 2TR-FE ke ba da iyakar ƙarfinsa, ba zai nemi fiye da kusan lita 7,000 na iska a minti ba. Da wannan adadi kamfani ya yanka maƙogwaron. Kai kuma a cikin laka ko kan duwatsu, allurarka tana yawo ne wajen 2,000, inda buƙatar ba ta wuce lita 2,700 ba. Wato a wurin da ka sayi motar dominsa, maƙogwaron asali yana da rarar hanya fiye da ninki biyu. Ƙofar zaure da ke ɗaukar raƙumi ba ita ke hana akuya wucewa ba.

Na biyu shi ne yadda ƙafa ke sarrafa motar. Masu tseren kwalta ba su damu da wannan ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu. A ƙaramin juyi inji yakan ƙoshi da iska tun faifan bai kai rabin buɗuwa ba, saboda haka duk lallaɓawar da kake yi a laka tana cikin ɗan takin farko ne na totur. Abin da ya ƙara wa wannan ɗan taki zafi ya rage maka iko.

Sai kuɗi, ba na kayan kaɗai ba, har da na aiki da jigila da kwastan da abin da zai biyo baya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba, shi ya sa zan gwada tsadar zaɓuɓɓukan da junansu. Sai ƙarko, a ƙasar da ke da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da ruwan Agusta da kwazazzabai. Sai sauƙin ɗaurawa, da ko ana iya komawa baya in abin bai yi ba. Na ƙarshe shi ne haɗari: in ya ƙi aiki kana can bayan Kajuru da magariba, me zai faru?

Ma'auni na farko ana iya gwada shi da ido, kuma wani dattijon makanike ne ya nuna min bayan na riga na yi asara. Ya ce, "Alhaji, da ka zo tun farko da mun tambayi injin kafin ka sayi komai." Na ce, "Baba, yaya ake tambayar inji?" Sai ya ɗauko agogon auna zuƙa, ya jona shi da siririn tiyo a jikin manifol, ya zuro tiyon ta taga ya riƙe agogon a cinyarsa. Muka sami hawa inda babu jama'a, ya ce in sa giya ta biyu in take totur har ƙasa sai allura ta kusa jan layi. Ina tuƙi yana kallo. Allurar agogon ta faɗo ta kwanta dab da sifili. Ya ce, "Ka gani? Duk iskar da ya nema ya samu." Ƙa'idar ita ce, in zuƙar da ta rage ba ta kai inci ɗaya na ma'aunin agogon ba, wato kusan kPa 3, babu abin da ke tare iska. In ta kai inci biyu ko fiye, akwai shaƙewa, amma ba a yanke hukunci nan take. A fara canza matatar iska, a duba bututun da aka ɗaga sama ko ya yi siriri ko ya cika lanƙwasa, a sake gwaji. Sau da yawa a nan ɓarawon yake. A yi wannan gwaji mutum biyu, direba idonsa a kan hanya.

Wanke na asali, ko maye shi da irinsa

Wannan ba ya burge kowa, amma shi na fi ba mutane shawara su fara da shi. Tururin baƙin mai da ke dawowa daga cikin inji yana haɗuwa da ƙura ya zama wani baƙin danƙo a gefen faifan, daidai inda iskar silo ke bi. Na ga wanda aka cire daga motar da ta yi hunturu biyu tana zirga-zirgar Giwa, ka sa farce ka kankaro dauɗar kamar ƙanzon tukunya. Irin wannan mota tana rawa a silo, tana mutuwa in an kunna na'urar sanyi, tana jinkiri in an taka. Mai ita sai ya ɗauka ƙarfi ne ya gaza.

Kuɗinsa gwangwanin maganin wanki ɗaya ne da sabon gaskit da ladan aiki, bai kai na cika tanki ba. Ƙarin ƙarfi a kan na kamfani babu, abin da ya ɓace ne yake dawowa. Laushin ƙafa yana nan yadda injiniyoyi suka tsara shi, kuma ta fuskar ƙarko babu wanda ya kama ƙafarsa, don an yi shi ne ya yi shekaru a jikin wannan injin.

Haɗarinsa a hannun mai aikin yake. Kada a goge cikin da burushin waya ko samfefa. Kada a taɓa ɗan kusoshin da faifan ke tsayawa a kai, kamfani ne ya saita shi. A mai lantarki, a kashe makulli a cire batir kafin a sa yatsa, kada a banƙare faifan da ƙarfi, kada kuma a fesa magani ya gangara cikin gidan moto. Bayan wanki silo yakan ɗan hau sama, domin ƙwaƙwalwar ta saba da dauɗar, sai an sa mata kwamfuta ko ta yi 'yar tafiya ta sake koyo. Sensar auna iska da ke kusa da matata tana da nata maganin dabam, kuma ba a taɓa siririn zarenta da hannu.

In sandar faifan ta ci har tana girgiza, ko sensar ta mutu, sai a nemi wani mai lamba iri ɗaya da nata. Sabo na asali yana da tsada amma hankali kwance. Na Beljiyom ana samu a Panteka da Oriapata, in ya gagara a aika Kofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Ka riƙe sandar ka jijjiga, ka ɗaga shi sama ka leƙa haske ta gefen faifan, ka kuma yi sharaɗin mayarwa in bai yi ba.

Rarake na asali a faɗaɗa shi

Kaduna ba ta rasa masu hannu a aikin ƙarfe ba, garin da aka yi shekaru ana harhaɗa Peugeot a Kakuri. Za ka sami mai injin gurza ƙarfe da zai ƙara wa ramin milimita biyu ko uku cikin yini ɗaya. Wannan dabara ta yi suna ne a injin Jeep mai lita 4.0, wanda maƙogwaronsa na asali yake tsukewa a ƙasan faifan, masu shi suke kai shi milimita 62. A can akwai tsukewar da za a cire. Ba kowane inji ke da ita ba.

Alherinsa shi ne komai na waje bai canza ba: ramukan kusoshi, soket, kebul, tiyo, duk suna komawa mazauninsu. Kuɗin ma matsakaici ne. Wahalar tana wajen faifan. Wanda bai sani ba zai ɗauka da'ira ce kawai, alhali an ɗan karkata yankan bakinsa ne don ya rufe ruf a ɗan kwance ba tare da ya cije ba. In sabon faifan ya bar rata kamar kaurin takarda, silo zai tsaya a sama, wutar cek ta kama da lambar matsala P0507 da kwamfuta ke karantowa. In kuma ya matse da yawa, zai riƙa maƙalewa in inji ya yi zafi, ka taka ya ƙi, ka ƙara ƙarfi ya ɓalle gaba ɗaya. Totur mai maƙalewa a bakin kwazazzabo ba abin wasa ba ne.

Kuma aikin ba ya komawa baya, ƙarfen da aka gurje ya tafi ke nan. Duk mai son gwadawa ya sayi na Beljiyom a rarake wancan, ya adana nasa. A mai lantarki ba na ba da shawarar wannan sam, domin ƙwaƙwalwar tana lissafin iska ne bisa kusurwar faifan da ta sani, an canza ramin an rikita mata lissafi.

Babba sabo daga waje

Wannan ne ke ɗaukar ido, yana ƙyalli, kuma shi na saya. A kasuwar Amurka irin waɗanda kamfanoni kamar BBK ke yi da dala ake sayensu, ga kuma jigila da kwastan. Yawancinsu ma an yi su ne don motocin can, na injinan Toyota da muke hawa ba su da yawa, sai a ƙare da wanda aka ce yana shiga kowace mota, a yanka masa farantin haɗi.

Girman yana ruɗin mutane. Daga milimita 60 zuwa 70 kamar ƙari kaɗan ne, amma faɗin ramin ya ƙaru da kashi 36 cikin ɗari. Zuwa 65 ma kashi 17 ne. Ranar farko za ka rantse motar ta ƙara ƙarfi, don da ka ɗan taɓa totur sai ta zabura. Abin da ya faru shi ne iskar da a da kake samu a rabin taki yanzu tana zuwa tun kafin ka kai rabin. In ka take har ƙasa, ƙarfin nan dai shi ne, tun da bawul da kam (sandar da ke buɗe bawul) da salansa ba su canza ba. In bakin manifol ya fi sabon ƙanƙanta kuwa, iskar karo za ta yi da gefen ƙarfe, sai an rarake shi ma.

Ni a watan Agusta na gane kurena. Akwai wani gangare mai jar laka kafin a kai gonarmu, mai santsi kamar sabulu, wanda na saba hawa a 4L, wato giyar ƙarfi ta tayoyi huɗu, giya ta biyu, ƙafa a tsaye wuri ɗaya. Ranar nan tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami, jikina ya girgiza, ƙafata ta nutsa kaɗan. Injin ya yi kuka, tayoyi huɗu suka kwashe a tare suna feshin laka, motar ta zame gefe ta zauna a kan cikinta. Sai da matasan ƙauyen suka zo da faretani da itace muka fita bayan la'asar. Hanyar da na bi shekaru ba tare da matsala ba ce. Abin da ya canza kawai shi ne tazarar da ke tsakanin lallaɓawa da zabura ta tsuke.

Wajen ƙarko, masu suna suna da kyau, amma marasa suna da ake samu da araha a intanet sandarsu kan saki da wuri, ƙura ta riƙa shiga ta gefen da matata ba ta tsare ba. Ɗaurawa tana son makanike mai mita da zai saita sensar faifan, ba mai saitawa da kunne ba. Wasu ba su da mazaunin bawul ɗin silo, sai mota ta riƙa mutuwa da sanyin safiya. Gaskit da bai zauna ba yana jawo iskar sata da lambar P0171, kuma a rafi nan ne ruwa zai bi, duk da bututun da ka ɗaga sama.

Ba ina cewa ba shi da amfani ba ne. Injin da aka canza wa kam, aka gyara kansa, aka sa masa manifol ɗin hayaƙi mai faɗi ko sufacaja mai cusa wa inji ƙarin iska, aka kuma sake tsara ƙwaƙwalwarsa, yana iya fin ƙarfin maƙogwaronsa na asali. A irin wannan inji agogon Baba zai nuna, kuma a nan babban yana biyan kuɗinsa, a saman juyi.

Na Beljiyom daga injin da ya fi girma

Arha ce ke jawo mutane nan, kuma kayan asali ne mai ƙarko. Sai dai da wuya ya zauna ba tare da an yi masa dabara ba. Ramukan kusoshi su saɓa, soket ya bambanta, a yanke waya a ɗaura da salatif, a toshe wasu bakunan tiyo da kusa. Duk matsalar zaburar da na faɗa a sama tana nan, an ƙara mata wayarin da girgizar hanya za ta kwance wata rana.

Akwai wani abu da ake mantawa a tsofaffin Toyota masu giyar otomatik. Kebul na biyu yana tashi daga totur bodi zuwa giyabos, shi ke gaya mata yawan matsin man da za ta riƙe faranta da shi. In sabon bai ja wannan kebul daidai gwargwado ba, giya za ta riƙa sulɓewa a hankali har ta ƙone, a je neman ƙarfi a dawo da gyaran giyabos. A mai lantarki kuwa, sensa biyu ne ke sa ido a kan faifan, da zarar bakinsu ya saɓa sai ƙwaƙwalwar ta jefa lambar P2135 ta rage wuta, motar ta koma rarrafe. A cikin gari wannan ɓacin rai ne, a daji kwana ne.

Akwatin ƙafar totur da zoben tsakani

Akwatin, irin su Pedal Commander da Sprint Booster, na masu totur ɗin lantarki ne kaɗai. Ana jona shi tsakanin feda da soket ɗinta cikin 'yan mintuna, ana cire shi haka nan, kuɗinsa kuma ya kusa na totur bodi sabo. Ba ya ƙara ƙarfin doki ko ɗaya. Saƙon ƙafarka yake ƙara wa murya, ka taka kaɗan ya ce ka taka da yawa. Ga wanda jinkirin Hilux ke damunsa wajen wuce tirela a hanyar Zariya, zai ji daɗinsa. Abin da ya fi burge ni a jikinsa ma akasin abin da ake tallarsa da shi ne: wasunsu suna da matakin da ke sanyaya feda, wanda ke da amfani a laka da kan dutse. Rauninsa mazauninsa, ƙasa kusa da ƙafa inda ruwa ke fara taruwa in an tsallaka rafi. Soket ya jiƙe ko ya saki, lambar P2138 ta fito. A ɗaure shi sama, a kuma koyi cire shi a mayar da soket ɗin asali ko da a duhu.

Zoben da ake sakawa tsakanin totur bodi da manifol yana da tarihi a zamanin kafireto, inda mai da iska ke gauraya tun daga sama. A injin da nozul ke fesa mai a bakin bawul, iska ce kaɗai ke bi ta cikinsa. Ka bar kuɗinka a aljihu.

Inda ƙarfin ya tafi tun farko

Mu koma kan mutumin da ya ji motarsa ta yi nauyi. Tayar asali ta Hilux da Prado da yawa 265/65R17 ce, tsayinta inci 30.6. Ya sa 285/70R17 mai inci 32.7. Ƙarin kashi 7 cikin ɗari ke nan, kuma kusan wannan kashi ne ya ragu daga ƙarfin da ke isa ƙasa a kowace giya. Ga nauyin tayar kanta, ga ƙarfen gaba da winci da suka kusa buhun masara a rataye a hancin mota dare da rana. Kaduna kuma tana kusan mita 600 sama da teku, inji marar turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace mita 100, in ka haura Jos abin ya ninka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da faɗin maƙogwaro ke magancewa.

Maganin taya shi ne canza haƙoran aksul. Motar da lambar haƙoranta ta zo 4.10, alal misali, wato yawan juyin da shaf ke yi kafin taya ta juya sau ɗaya, tana buƙatar kusan 4.40 don ta koma yadda take, na sama da shi da aka saba samu a kasuwa shi ne 4.56. Shi ya fi duka tsada, domin gaba da baya ake canzawa tare kuma dole lambarsu ta zama ɗaya, sannan saita haƙoran aikin gwani ne, in aka kuskure aksul zai yi ta kuka har ya ci kansa. Amma shi kaɗai ne a cikin jerin nan ke ƙara ƙarfin ja a ƙaramin juyi, yana sassauta wa kuloci, yana kuma sa motar ta yi tafiyar hawainiya a 4L ba tare da ana wasa da ƙafa ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarin ƙarfi | Iko a laka | Ƙarko | Ɗaurawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Wanke na asali | Kaɗan ƙwarai | Yana dawo da wanda ya ɓace | Mai kyau | Babba | Sauƙi | Kaɗan |
| Rarake na asali | Matsakaici | Kaɗan, a saman juyi | Ya ɗan ragu | Ya danganta da mai aiki | Sai gwani | Maƙalewa, hawan silo |
| Babba daga waje | Mai yawa | Sai a injin da aka gyara sosai | Ya ragu sosai | Mai suna yana daɗewa | Matsakaici | Iskar sata, zabura |
| Na babban inji | Kaɗan zuwa matsakaici | Kaɗan | Ya ragu | Ƙarfen lafiya, wayarin rauni | Wahala | Babba |
| Akwatin feda | Mai yawa | Babu | Ana iya sanyaya shi | Yana tsoron ruwa | Sauƙi ƙwarai | Matsakaici |
| Zoben tsakani | Matsakaici | Babu abin kirki | Bai canza ba | Babba | Sauƙi | Kaɗan |
| Haƙoran aksul | Mafi yawa | Ƙarfin ja na gaske | Ya ƙaru | Babba | Sai gwani | Kuskuren saiti |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Manomi ko ɗan kwangila da motarsa ke ɗaukar taki da buhuna zuwa Kauru ko Saminaka, injinsa yadda kamfani ya yi shi, ya wanke na asali, ya sa matatar takarda mai kyau, ya duba fulogi da famfon mai. Ina jaddada matatar takarda, domin irin ta auduga mai mai da ake sayarwa tare da manyan totur bodi ta fi barin lallausar ƙura ta wuce, man jikinta kuma yana ɓata sensar iska. A hunturun Kaduna wannan ciniki ne na asara.

Wanda ya ƙara tsayin taya ya ji motar ta mutu, ya tara kuɗin aksul. In ba za su samu yanzu ba, gara ya sauko da tayar mataki ɗaya zuwa 265/70R17, wadda ƙarinta bai wuce kashi 3 da ɗoriya ba.

Mai Hilux ko Prado na lantarki da ƙorafinsa jinkirin feda ne a kan kwalta, akwatin ya ishe shi, da sharaɗin ya sauke shi zuwa mataki mai sanyi da zarar ya bar titi. Kada ya bari a taɓa masa ramin totur bodi.

Mai tsohuwar jif mai kebul da ya riga ya gyara salansa da manifol, agogo kuma ya nuna zuƙa ta rage bayan an kawar da zargin matata da bututu, ya rarake na Beljiyom da milimita biyu ko uku, ya ajiye na asali da gaskit da sifana a cikin mota.

Babba daga waje na wanda ya buɗe injin ne ya canza kam ko ya ɗaura sufacaja, yana da mai saita masa ƙwaƙwalwa, wasansa kuma a yashi ne da fili inda allura ke zama sama da 4,000. Shi ma ya ɗauki mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda suka isar masa, ya daidaita bakin manifol da shi, ya kuma gwada ƙafarsa a wani gangare kusa da gida kafin ruwan Yuli ya sauka.